Dusar da muke zuba wa awaki da kumburin da ke biyo bayan cin maiƙo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin abincin da muka mayar abin taƙama a gidajenmu da wuraren bukukuwanmu, da kuma abin da yake aikatawa a cikin jini a 'yan sa'o'in da ke biyo bayan an wanke hannu. Ni ba likita ba ne. Tsohon malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, wanda ciwon sukari ya tilasta wa komawa karatu bayan ya ajiye alli.

A watan jiya na halarci walimar auren 'yar wani aminina. Aka miƙa wa kowa robarsa: soyayyiyar shinkafa tana ƙyallin mai, cinyar kaza ita ma soyayyiya, fanke biyu, cincin a leda, da kwalbar lemo mai sanyi. Na juya cokali a cikin robar nan ina neman wani abu kore, ban samu ba sai ƙwayoyin koren wake da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, waɗanda aka watsa don ado. Da aka gama, dattijon da ke kusa da ni ya jingina da bango, ya kwance maɓallin wuyan rigarsa, ya ce mini, "Malam, yau kam an ci daɗi, har jiki ya mutu." Na yi dariya na ce Allah ya sanya alheri, domin wurin biki ba wurin lacca ba ne, amma a raina na san cewa mutuwar jikin da yake ji ita ce ƙaramar magana, babbar tana can cikin jini inda ba a jin motsinta.

Abin da masana ke magana a kai, idan aka faɗe shi da Hausa, shi ne kumburi, sai dai dole in yi hanzarin cewa ba kumburin ciki nake nufi ba irin na wanda ya cika wake ya kwana yana gyatsa, ba kuma kumburin ƙafa ba da ido yake gani. Idan ƙaya ta soki mutum, wurin yakan yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, saboda fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun tsaron jiki, sun yi dafifi a wurin suna sakin sinadaran yaƙi. Wannan aiki ne mai amfani, da babu shi da ƙaramin miki ya isa ya kai mutum kushewa. Abin da bincike ya nuna shi ne, irin wannan yunƙuri na dakarun jiki yakan tashi a cikin jini, ba zafi ba ja, bayan mutum ya ci abinci mai yawan maiƙo da tataccen sitaci, kuma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya lafa.

Hanyoyin da hakan ke faruwa sananne ne. Farar shinkafa da fulawa da sukarin lemo suna narkewa nan da nan, cikin kamar sa'a ɗaya sukarin jini ya kai ƙololuwa. Ƙwayoyin jiki sai su shiga ƙona wannan sukari cikin gaggawa, kuma kamar murhun da aka cusa wa itace fiye da ƙima, sai su riƙa fitar da wani irin hayaƙi, wato ɓurɓushin sinadarai masu lahani ga bangon jijiyoyin jini. Shi kuwa maiƙo tafiyarsa ta hawainiya ce, sai bayan sa'a uku zuwa huɗu yake cika jini, kuma yakan jima bai sauka ba. Hanya ta uku ita ce ta fi ba ni mamaki ranar da na fara karanta ta. Hanjin kowane mutum gida ne na tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya, mafi yawansu abokan zama ne nagari, amma a jikin fatar wasunsu akwai wani dafi wanda idan ya shiga jini dakarun jiki suke ɗauka an kawo hari. Lokacin da hanji yake tsotse mai, yakan ɗaure shi cikin 'yan ƙananan ƙunshi domin ya aika da shi cikin jiki, kuma wannan dafi yakan maƙale a cikin ƙunshin ya ƙetare tare da shi. A shekarar 2007 wasu masu bincike a birnin Glasgow na Birtaniya sun ba maza 12 masu ƙoshin lafiya gasasshen burodi da aka shafe da giram 50 na man shanu, suka auna jininsu, suka tarar dafin nan ya ƙaru da kusan rabi.

Cin irin wannan abinci sau ɗaya a ranar biki ba ya kashe kowa, jiki yakan share ɓarnar ya koma daidai. Damuwata tana kan mutumin da ya karya kumallo da shayi mai sukari da burodi da wainar ƙwai, da rana ya ci farar shinkafa da mai da yaji, da dare ya tsaya wurin mai tsire ya kora da lemon kwalba, gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin wutar safe ta mutu an hura ta rana, kafin ta rana ta mutu an hura ta dare. Irin wannan ɓoyayyen kumburi da ba ya yankewa shi ne masana suke dangantawa da taurin kan da jiki ke yi wa insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, taurin kan da shi ne ƙofar ciwon sukari, da kuma toshewar jijiyoyin jini da ke kai wa ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A Jami'ar Buffalo da ke jihar New York a Amurka wasu likitoci ƙarƙashin Farfesa Paresh Dandona sun shafe shekaru suna bin diddigin wannan al'amari. A 2009 sun kwatanta karin kumallo iri biyu masu ƙarfi ɗaya, kowanne kalori 910: ɗaya na burodi da ƙwai da nama mai kitse da soyayyen dankali, ɗayan kuma na hatsin da ba a surfe ba da 'ya'yan itatuwa. Na farkon ya tayar da dafin bakteriya da alamomin kumburi a jini, na biyun bai tayar ba, alhali yawan abincin ɗaya ne. A 2017 kuma suka yi gwajin da ya fi kusa da maganata. Suka ba mutum 10 masu lafiya wannan abinci mai maiƙo, wata rana shi kaɗai, wata rana kuma tare da giram 30 na abin da likitoci ke kira faiba, suka bi jininsu har tsawon sa'a biyar. Ranar da aka haɗa da faiba, hauhawar sukari a farkon cin abincin ta ragu, dafin bakteriya bai tashi kamar da ba, alamomin kumburi a fararen ƙwayoyin jini su ma suka kwanta. Ba a rage ko cokali ɗaya na mai daga abincin ba, ƙari kawai aka yi.

Mece ce wannan faiba? Ba wani baƙon abu ba ne da sai an shigo da shi ta jirgi. Ita ce dusar hatsi, da ɓawon wake, da zare-zaren ganye, da tuƙar aya, da yauƙin kuɓewa, wato duk sashen tsiro da cikin mutum ba ya iya narkarwa. Nama da ƙwai da mai da sukari ba su da ita ko kaɗan. Iri biyu ce a dunƙule. Akwai wadda ba ta narkewa a ruwa, irin ta dusa, wadda take ƙara wa abinci auki a hanji ta kuma sauƙaƙa bayan gida. Akwai kuma mai narkewa ta yi kauri, kuma duk macen da ta taɓa kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa ko karkashi ko lalo ta san ta da hannunta. Wannan yauƙi da yake sa miya ta bi loma yana yin irin aikinsa a cikin mutum: yana sa abinci ya jinkirta fita daga tumbi, yana shiga tsakanin sitaci da sinadaran da ke narkar da shi, sai sukari ya riƙa shiga jini da kaɗan-kaɗan maimakon ya afka gaba ɗaya kamar ambaliya.

Aikinta na biyu yana can babban hanji, inda take isa ba a narkar da ita ba. A can ƙwayoyin bakteriya nagari suke cinye ta, su fitar da wasu sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira butiret. Wannan butiret shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka yi wa hanji shafe daga ciki, yana ƙarfafa wannan katanga domin kada dafi ya riƙa ratsawa, yana kuma lallashin dakarun jiki su daina zabura a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan aiki ba na sa'a ɗaya ba ne, shi ya sa amfanin faiba yakan tsallaka har zuwa abinci na gaba. Tun a farkon shekarun 1980 Farfesa David Jenkins na Jami'ar Toronto a Kanada ya nuna cewa wanda ya karya kumallo da adas, wanda ɗan'uwan wake ne, sukarinsa ba ya hawa sosai ko bayan abincin rana.

Abin da ya fi yi mini ciwo, Malam Edita, shi ne cewa a nahiyarmu aka koyi wannan darasi, mu kuma muna zubar da shi. Denis Burkitt, wani likitan tiyata Bature da ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, shi ne ya tsaya kai da fata a farkon shekarun 1970 yana faɗa wa Turawa cewa sankarar hanji da basir da taurin bayan gida da suka addabe su ba kasafai yake ganinsu a ƙauyukan Afirka ba, kuma dalilin yana cikin akushi. A 2010 masu bincike daga Italiya sun kwatanta hanjin yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da na yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen nan ba wani abu ba ne illa gero da dawa da wake da ganye, wato abin da ni da kai muka tashi a kansa, kuma an tarar hanjinsu cike yake da nau'o'in bakteriya masu narkar da faiba, sinadaran nan masu kare hanji ma sun fi yawa a wurinsu. A 2015 kuma aka buga sakamakon wani gwaji na musanyar abinci da Farfesa Stephen O'Keefe na Jami'ar Pittsburgh ya jagoranta. Baƙaƙen fatar Amurka 20 suka koma cin abincin karkarar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, mai faiba sama da giram 50 a rana da ƙarancin mai, su kuma mutanen karkarar 20 suka koma cin na Amurka, mai yawan kitse da faiba ƙasa da giram 15. Cikin mako biyu kacal, butiret a hanjin Amurkawan ya ninka fiye da sau biyu, alamomin kumburi a bangon hanjinsu suka ragu, su kuwa mutanen karkarar nasu ya juye zuwa kishiyar haka.

Ban ce iyayenmu ba sa surfe ba. Ina iya tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana yayyafa wa gero ruwa a turmi, ta surfa, ta zuba a faifai ta bakace, dusar ta tafi kwanon awaki, ƙasarin ma su ake ba. Amma tuwon da ya fito daga wannan gero miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta yakuwa yake tarar wa, da rana akwai dambu da zogale ko kwaɗon rama ko na tafasa, wake yana shiga tukunya da ɓawonsa, yara kuma suna yini suna gwaguyar goriba da magarya da kanya da ɗinya. Abin da aka rasa a turmi ana mayar da shi a miya. Yau mun riƙe surfen, mun ƙara da farar shinkafa da fulawa da taliyar leda, sannan mun kori ganyen da waken daga faranti domin wai abincin talaka ne. Ko ɗanwake, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida, a gidaje da yawa fulawa ce zalla ake kwaɓawa da kuka. Muna sayen dusa da harawa da tsada domin ragon layya ya yi kyau, mu kuma mu ci abin da ya rage bayan an cire su. Ga masu son hujja daga addini, a cikin Sahihul Bukhari akwai ruwayar Sahlu ɗan Sa'ad cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ga tankaɗaɗɗen gari ba har ya koma ga Ubangijinsa, kuma a zamaninsu sha'ir suke niƙawa su hure shi, abin da zai tashi ya tashi, su kwaɓa sauran.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba daga abinci a kowace rana, tare da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Wannan adadi ya dogara ne a kan wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019, wanda ya tattara bincike 185 na bin rayuwar jama'a da gwaje-gwaje 58 na asibiti, ya kuma nuna cewa masu cin faiba da yawa haɗarin mutuwarsu, musamman ta ciwon zuciya, ya yi ƙasa da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu cin kaɗan. Domin mai karatu ya ga nisan tafiyar, giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa ba ta da ko rabin giram na faiba, alhali giram 100 na dafaffen wake yana da sama da giram 6. Robar walimar nan da na ambata, da ƙyar ta kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake so a rana.

Gaskiya ta wajabta mini in faɗi iyakar wannan magana, domin na tsani masu sayar da magani a bakin kasuwa da suke cewa abu ɗaya yana maganin cuta arba'in. Gwajin Buffalo na mutum 10 ne, kuma abin da aka auna alamomi ne a jini cikin sa'a biyar, ba warkewa daga wata cuta ba. Giram 30 a zama ɗaya ma ya fi abin da yawancin mutanen birni ke samu a yini guda. Haka kuma a 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ƙara wa wasu Amurkawa faiba na tsawon mako 10, amma da aka dubi rukunin a dunƙule alamomin kumburi ba su sauka ba, sai ma rukunin da aka ba abinci mai tsami irin su kindirmo ne aka ga raguwa a fili. Fassarar da masu binciken suka bayar ita ce, hanjin da ya daɗe bai ga faiba ba ya rasa ƙwayoyin da ke narkar da ita, kuma dawo da su sai a hankali. A nawa fahimtar wannan gargaɗi ne a gare mu da muke kan hanyar rasa namu, ba dalilin watsar da maganar ba. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa cokali biyu na zogale lasisi ne na cinye tiren soyayyen nama, kada kuma mai ciwon sukari ko hawan jini ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa.

Ba kuma ina cewa a je a ɗebo dusar dabbobi daga kasuwa a zuba a tuwo ba ne. Dusar masara da ta sha danshi takan yi fumfuna mai guba da ke lalata hanta, yawan dusa kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, shi ya sa bai dace a cika wa yaron da ake yaye ciki da ita ba. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa cikin makonni, ya yawaita shan ruwa, in ba haka ba zai gamu da wancan kumburin cikin da na ce ba shi nake nufi ba. Mai ciwon ƙoda kuwa ya tambayi likitansa kafin ya yawaita ganye da wake.

Abin da nake kira gare shi ƙarami ne, kuma bai fi ƙarfin aljihun kowa ba. Duk ranar da za a ci maiƙo, ko walima ce ko suna ko buɗa-baki ko kwanakin Babbar Sallah da kowane gida ke ƙamshin suya, a tabbata ganye ko wake ya zauna a faranti ɗaya da shi, a lokaci ɗaya, domin a nan ne yake yin aikinsa. A dafa shinkafa da wake maimakon fara zalla. A ci naman da tuwon dawa da miyar yauƙi. A maye gurbin kwalbar lemo da goba ko gwanda ko aya, a kuma ci ɗan itacen da kansa maimakon a matse ruwansa a zubar da tuƙar. Idan da hali a fara da ganyen kafin a kai hannu ga shinkafar, domin wani gwaji da aka yi a New York a 2015 a kan masu ciwon sukari 11 ya nuna cewa cin ganye da nama minti 15 kafin sitaci yana rage hawan sukari ƙwarai, alhali abincin bai canja ba. Ni kaina na jarraba wannan a gida da 'yar na'urar gwajin sukari da nake soka wa yatsa, kuma tun daga lokacin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ne yake buɗe mini abincin rana.

Na san inda gizo yake saƙar ba a asibiti ba ne, a bakin mutane ne. Aminin nan nawa yana da wata 'yar da za a aurar bayan Sallah, na kuwa je har gida na roƙi uwargidansa ta sa kwaɗon zogale a cikin abincin walima. Ta dube ni ta ce, "Haba Malam, so kake a fita da mu a gari a ce mun ciyar da baƙi ganye?" Mun daɗe muna ja-in-ja, maigidan yana gefe yana dariya bai sa baki ba. A ƙarshe ta yarda za a yi babban tire ɗaya a ajiye a gefen dattawa, da sharaɗin ni zan kawo zogalen daga bishiyar bayan gidana, kuma idan ya yi kwantai ni zan kwashe abina.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.